Tsofaffin Motocin Soja: Gadon Yaƙi Da Ke Ci Gaba Da Dakon Kaya A Filato

JOS — Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar kayan gwari ta Farin Gada ko kasuwar Katako da ke birnin Jos, zai tarar da jerin motocin dakon kaya waɗanda da yawansu sun girmi direbobinsu. Akwai gingimari mai bodin katako, akwai tifa mai dogon hanci, jefi-jefi kuma a ga Land Rover wadda fentinta ya koɗe. Asalin irin waɗannan motoci yana komawa ne ga fagen yaƙi, kuma shawarar a riƙe su ko a rabu da su tana cikin manyan lissafin da ke gaban masu harkar sufuri a Jihar Filato.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, masana'antun ƙasashen ƙawance sun ƙera motoci fiye da yadda aka taɓa gani. Kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun fitar da jif kimanin 640,000, kamfanin GMC ya ƙera manyan motoci masu ƙafa shida fiye da 500,000, shi kuma Bedford na Ingila ya ba rundunar sojan Birtaniya kimanin 250,000. Da aka ajiye makamai, sai aka ga ɗawainiyar mayar da su gida ta fi darajarsu, don haka aka yi gwanjon da yawansu a ƙasashen da yaƙi ya bar su.

Wannan gwanjo shi ya haifi sana'o'i a sassa da dama na duniya. A ƙasar Filifin, makanikai sun ƙara wa jif ɗin Amurka tsawo, suka yi masa rumfa da kujeru, ya zama motar haya da ake kira jeepney, wadda ta riƙe sufurin talakawa shekara da shekaru. A Kolombiya, manoman kofi sun rungumi Willys domin ita ce ke iya hawa tsaunukansu da buhuna. A Indiya, kamfanin Mahindra ya fara harhaɗa wannan jif a ƙarshen shekarun 1940. A Bama kuwa, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi, motocin Chevrolet ƙirar Kanada da aka mayar bas sun shafe fiye da shekara hamsin suna jigilar mutane a birnin Rangun. Ita kanta Land Rover, wadda aka fara nunawa a 1948, an tsara ta ne bayan Maurice Wilks na kamfanin Rover ya yi aikin gona da wani tsohon jif na soja.

Filato tana da nata kaso a wannan tarihi. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos da Bukuru. Aka yi ta kwaso leburori daga lardunan Arewa a ƙarƙashin aikin tilas, har kuzar da aka haƙa a 1943 ta haura tan 17,000. Wannan aiki ya ƙara yawan hanyoyin da ke haɗa sansanonin haƙar ma'adinai da tashar jirgin ƙasa, ya kuma ƙara bukatar motocin da ke jure duwatsu.

Haka kuma, cikin 'yan mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka dawo daga Bama, akwai da dama da suka koyo tuƙi da kanikanci. Waɗansu sun sa ɗan abin sallamarsu a harkar mota, waɗansu suka kama aiki a kamfanonin kuza irin su ATMN. Da aka rufe ƙaramar hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Jos a 1957, sai dakon kaya a wannan hanya ya koma hannun masu manyan motoci.

Motocin da aka yi wancan yaƙi da su sun riga sun tsufa, amma magadansu ne ke bisa hanya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya shigo da Bedford da Land Rover masu yawa. Daga bisani aka kafa kamfanin Steyr a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, sannan ANAMMCO a Enugu ya fara harhaɗa Mercedes a farkon shekarun 1980, ciki har da mai lamba 911 da direbobi suka yi wa farin sani. Bugu da ƙari, rundunonin sojan Turai sukan yi gwanjon motocin da suka daina amfani da su, kuma Afirka tana cikin manyan kasuwanninsu.

Abin da ya tsawaita rayuwar waɗannan motoci shi ne tattalin arziki. Rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985 ta durƙusar da manyan kamfanonin Filato, shirin SAP na 1986 kuma ya karya darajar naira, har sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa. Da rashin tayi akan bar arha, in ji Hausawa, amma a nan rashin jari ne ya sa aka koma wa tsohuwa. Sakin farashin naira da janye tallafin man fetur a 2023 sun sake maimaita wannan darasi.

Masu riƙe da irin waɗannan motoci suna da hujjoji ƙwarara. An ƙera motar soja ne domin a gyara ta a daji da 'yan kayan aiki kaɗan, ba ta da kwamfuta, kuma ƙaramin bakanike yana iya kwance injinta ya mayar. Tana da tsayi daga ƙasa, da yawansu kuma duk ƙafafunsu suna ja, abin da ya sa suke shiga gonakin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu a tsakiyar damina, lokacin da sabuwar mota ke maƙalewa a taɓo. Sa'an nan tuni ta biya kuɗinta, babu bashin banki a kanta.

Sai dai kuma akwai ɗaya ɓangaren lissafin. Tsohon inji yana shan mai fiye da sabo, kuma a halin da ake ciki mai shi ne babban abin da ke cin ribar mai mota. Kayan gyara na asali suna ƙara wuya: General Motors ya daina ƙera manyan motocin Bedford a 1986, an kuma rufe ƙirar tsohuwar Land Rover Defender a watan Janairu na 2016. Saboda haka 'yan kasuwar Dilimi da makanikai sukan dogara ga kayan gwanjo, ko su yanka mota guda domin a raya biyu. Idan mota ta kwana biyu a hanya da tumatir a bayanta, asarar ta wuce kuɗin gyara.

Babbar damuwa ita ce birki. Gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga ya ci rayuka da dukiya masu yawa, kuma motar da aka ƙera domin ɗaukar tan huɗu ba za ta tsaya lafiya ba idan aka lafta mata ninkin haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan lodin da ya wuce ƙima.

Abin da ya faru a Filifin ishara ce ga hukumomi da 'yan kasuwa. A 2017 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin janye jeepney da suka wuce shekara 15, amma direbobi suka yi ta yajin aiki domin kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfinsu. Hana tsohuwar mota ba tare da samar da rance mai sauƙi ba yana nufin barin amfanin gona ya ruɓe a ƙauye.

Ga mai neman sa jarinsa a wannan harka, ƙa'idar a bayyane take: tsohuwar mota tana da riba a gajeren zango da mummunar hanya, daga gona ko ramin yashi zuwa kasuwa, amma dogon zango zuwa Legas ko Fatakwal ya fi dacewa da inji mai tsimin mai. Kafin a biya kuɗi, wajibi ne a duba ƙashin motar da birkinta, a tabbatar da takardun kwastan ko na gwanjo, a kuma sauya fentin soja, domin jami'an tsaro ba sa lamuntar farar hula su yi yawo da launin runduna.