Siririyar robar hanci da ke taya bakwaini numfashi

Bakwainin da huhunsa bai nuna ba, kowane numfashi jan aiki ne a wurinsa. Ƙirji yana loɓawa, ƙofofin hanci suna buɗewa, ga ɗan nishi ba ƙaƙƙautawa. Tun 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano dalili a Amurka: huhun irin wannan jariri ba shi da isasshen wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa. Da ya fitar da numfashi sai su rufe, sai ya sake fama kafin su buɗe.

A 1971 likita George Gregory ya fito da dabarar da ake kira CPAP, wadda ke riƙe huhu a buɗe da matsin iska; a yau yawanci ta hanci ake yin ta, ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba. Ta ceci rayuka ba iyaka. Sai dai abin da ake ɗaura wa jariri yana matse hanci, har wani lokaci fatar ta saɓule.

Daga baya aka samu hanya mai taushi. Siririyar roba ce mai 'yan ƙahoni biyu da ke shiga hanci ba tare da sun toshe shi ba. Ta cikinta ake tura iskar da aka gauraya da oksijin, yawanci lita 2 zuwa 8 a minti ɗaya. Dole a ɗumama ta daidai zafin jiki, a kuma ba ta laima, domin busasshiyar iska mai sanyi tana fasa cikin hanci. Nas-nas suna son robar don sauƙin sakawa. Uwa ma tana ganin fuskar ɗanta sarai, ta ɗora shi a ƙirjinta ba wahala, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, ko za ta maye gurbin CPAP? Wani bincike a Ostireliya a 2013 ya nuna cewa bayan an cire jariri daga injin numfashi, robar da CPAP kusan kunnen doki suke yi, kuma robar ba ta cika jin wa hanci ciwo ba. Amma a 2016 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Ostireliya da Norway kan bakwaini 564 da aka fara da ɗayan hanyoyin biyu tun farko. Robar ta gaza a kusan kashi 25 cikin ɗari, CPAP kuwa a kusan kashi 13, har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Saboda haka asibitin da zai yi amfani da ita bai kamata ya rasa CPAP a kusa ba.

Oksijin ɗin kansa magani ne, kuma da awo ake ba da shi. Yawansa ya makantar da dubban bakwaini a shekarun 1940 da 1950. Shi ya sa ake maƙala ɗan ma'auni a ƙafar jariri dare da rana, ana riƙe oksijin ɗin jininsa tsakanin kusan kashi 90 da 95 cikin ɗari.