Wasannin bidiyo da mutum biyu za su buga ba tare da intanet ba

A unguwar Zongo ta Parakou, haka ma a Djougou, yawancin samari ba su da PlayStation a gida. Shagon wasa suke zuwa, a biya kuɗi, a zauna gaban talabijin ɗaya. Don haka mai shago, ko uban da zai saya wa 'ya'yansa, ya fara tambaya: wasan nan yana karɓar mutum biyu a na'ura ɗaya, ba sai an jona intanet ba?

Ƙwallon ƙafa ce kan gaba, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. A 2021 kamfanin Konami ya mayar da PES zuwa eFootball. Kyauta ake sauke shi, amma akasarin sassansa sai da intanet, ga sabuntawa mai cinye data. Tsohon PES 2021 kuwa, ko FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da manet biyu an gama magana. A ganina tsohon faifai ya fi wa mai shago riba. Mai son ɗan gida ma zai sami Steve Mounié, haifaffen Parakou, a ƙungiyar Huddersfield cikin FIFA 18.

Ba kowane wasa ne na ka-da-ni-in-ka-da-kai ba. It Takes Two, wanda ya lashe kambun wasan shekara a 2021, ba ya buguwa da mutum ɗaya sam: allo ya rabu biyu, kowa da aikinsa, in ɗaya ya yi sakaci duka sun tsaya. Labarin miji da mata ne da ke shirin rabuwa, saboda haka ya fi dacewa da manya. Ga yara akwai Overcooked na 2016, inda har mutum huɗu ke girki a madafa ɗaya, ihu ya fi girkin yawa. Mortal Kombat dai jini ya yi masa yawa, Tekken ya fi sauƙi.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, wayarsa ta isa. Ludo King yana barin mutum huɗu su riƙa miƙa wa juna waya guda, ko an ɗauke wuta.

Iyaye su lura da abu guda: a wasu shaguna ana sa kuɗi a kan wasan ƙwallo, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, kuma dala-dala take farawa.