Ko Kun Sani? Shirmen da Ya Ƙi Tsufa

Ko kun san cewa wasannin waƙa da barkwanci da wasu Turawan Ingila biyu suka shirya tun zamanin Sarauniya Biktoriya har yau mutane na tururuwar kallonsu? W. S. Gilbert ne ke rubuta labari da baitoci, Arthur Sullivan kuma ya ɗora musu kiɗa. Tsakanin 1871 da 1896 sun fitar da wasanni 14.

Gwanintar Gilbert ita ce ya ɗauko shirme tsagwaronsa, ya bi shi daki-daki kamar alƙali na bin shari'a. Dubi The Pirates of Penzance na 1879. Mai renon wani yaro, Frederic, kunnenta ya yaudare ta, sai ta kai shi koyon sana'a wurin 'yan fashin teku maimakon wurin matuƙin jirgi. Yarjejeniya ta ce zai yi musu hidima har zagayowar ranar haihuwarsa karo na 21. Ashe ranar 29 ga Fabrairu aka haife shi, wadda sai bayan shekara huɗu take dawowa! Ke nan sai ya haura shekara 80 zai kuɓuta. Shi kuwa, ko da yake ya riga ya bar su, don cika alkawari ya koma cikinsu. A ganina nan daɗin yake: kowa a dandamali da gaske yake yi, 'yan kallo kuwa suna ta tuntsira dariya.

Wani wasan nasu kuma, The Mikado, wanda aka fara nunawa a gidan wasan Savoy da ke Landan a 1885, sau 672 aka yi shi a jere.