Dr. Frost da Alƙaluman Koriya: Ana Karantawa, Ba a Zuwa Asibiti

Alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta Koriya ta Kudu ta fitar a watan Satumba na 2025 ba su yi daɗin ji ba. Mutum 14,872 ne suka kashe kansu a 2024, wato 29.1 cikin kowane mutum 100,000, adadi mafi muni tun 2011. A 2011 ɗin nan kuwa Lee Jong-beom ya fara sakin labarin zanensa, Dr. Frost, a shafin Naver. Tun daga lokacin ake yabon labarin da ire-irensa cewa sun buɗe wa Koriyawa baki kan lalurar ƙwaƙwalwa. A ganina yabon ya zarce aikin.

Ba wai labarin ba shi da kyau ba. Lee ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yonsei, kuma hakan ya fito a zanen. Jarumin, Dr. Frost, malami ne mai farin gashi a ofishin ba ɗalibai shawara, ya haddace halin mutane a littafi amma shi kansa ba ya jin abin da suke ji. A 2014 tashar OCN ta mai da labarin wasan talabijin. Daga baya aka samu littafin Baek Se-hee na 2018, wanda hirarrakinta ne da likitanta, sai Daily Dose of Sunshine a Netflix a 2023, shi ma daga labarin zane.

Me ya sa kasuwar ta buɗe haka? Ana cewa gasar jarrabawa da matsin wurin aiki, kuma gaskiya ne, amma waɗannan sun bayyana ciwon ne kawai, ba su bayyana dalilin da ya sa mai ciwon ya zaɓi waya ya bar likita ba. Babban dalili shi ne tsoron takarda. Duk wanda likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar masa da cuta a ƙarƙashin inshorar ƙasa, ana rubuta masa lambar cuta mai farawa da harafin F. Shekara da shekaru mutane na jin tsoron wannan harafi: kada kamfanin inshora ya ƙi su, kada maganar ta kai kunnen mai ɗaukar aiki ko dangin wanda za a aura. Doka ta hana a fitar da bayanan mara lafiya, amma tsoro ba ya karanta doka. Labarin zane kuwa kyauta ne ko kusan kyauta, ana karanta shi a jirgin ƙasa da yatsa ɗaya, babu mai rubuta sunan kowa. Mutum ya ga damuwarsa a jikin wani, ya ji sunanta, ya samu sauƙin minti goma, ya sauka a tasharsa. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna kashi 27.8 na manya sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, amma kashi 12.1 kacal daga cikinsu suka taɓa neman taimakon ƙwararru. Ragowar su ne kasuwar.

Masu kare labaran suna da abin faɗa. A 2022 masu zuwa asibiti saboda ciwon damuwa sun haura miliyan ɗaya, kuma mata 'yan shekara ashirin da wani abu ne suka fi yawa, wato daidai masu karatun. Ana iya cewa kunya ta ragu a wurinsu. Na yarda, iyakar nan.

Sai dai waɗanda suka fi mutuwa ba su ne masu karatun ba. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu, kuma adadin ya fi tsanani a cikin tsofaffi, a ƙasar da kusan kashi 40 na tsofaffinta ke cikin talauci. A 2024 kashe kai ya zarce sankara a matsayin abin da ya fi kashe 'yan shekara arba'in zuwa arba'in da tara. Magidancin da bashi ya ci shagonsa ba sunan cuta yake nema ba.

Akwai kuma illar da labaran suka jawo da kansu. Wasan OCN ya mai da jarumin ɗan sandan ciki, mai kallon mutum sau ɗaya ya tono asirinsa. Jinyar gaske tafiyar hawainiya ce, watanni ana magana ba a ga canji ba, kuma wanda ya je da tsammanin Dr. Frost zai fito da takaici. Ga shi Koriya ba ta da dokar da ta fayyace wanda ya cancanci buɗe ofishin ba da shawara, takardun shaida masu zaman kansu kuwa birjik.

Gwamnati ta haɗa layukan agaji a lamba 109 a Janairun 2024, ta kuma fara tallafa wa zama takwas da mai ba da shawara a watan Yuli. Dokar tantance masu aikin ya kamata ta riga tallafin zuwa.