Finafinan Estoniya: Ta Ina Za A Fara?

Estoniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar Tekun Baltik, mutanenta kimanin miliyan 1.3 ne kacal. Ta sami 'yancin kai a 1918, Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ta a 1940, Jamus ta mamaye ta a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944, ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai 1991. Wanda ya riƙe waɗannan shekaru a ka zai gane dalilin da ya sa finafinanta mafi kyau suke yawan komawa kan abu guda: ƙaramin mutum da rigimar manya ta iske shi har gida, ko wanda aka haɗa shi iyaka da maƙwabcin da ba ya ƙauna. Mai neman rawa da waƙa irin na finafinan Indiya ya nemi wani wuri. A nan magana kaɗan ce, shiru ya fi yawa.

Da Mandariinid ya kamata a fara, wato "Tanjarin", na 2013, wanda darakta ɗan Jojiya Zaza Urushadze ya shirya da haɗin gwiwar ƙasashen biyu. Labarin ma ba a Estoniya yake faruwa ba, a Abkaziya ne, lokacin yaƙin 1992 zuwa 1993, a wani ƙauyen da Estoniyawa suka zauna tun ƙarni na 19. Kusan kowa ya gudu sai dattijo Ivo, kafinta mai haɗa akwatunan katako, da maƙwabcinsa Margus da ya ƙi tafiya har sai ya girbe lemonsa. Aka yi musayar wuta a ƙofar gidansu, mutum biyu suka rage da sauran numfashi: Ahmed, sojan haya Musulmi daga Ceceniya, da Nika, ɗan Jojiya Kirista. Ivo ya kwashe su duka, ya kwantar da kowa a ɗakinsa. Da Ahmed ya farfaɗo ya lashi takobin sai ya kashe Nika, amma ya ba mai gida alkawarin ba zai zubar da jini a ƙarƙashin rufinsa ba. Kusan dukan fim ɗin a kan wannan alkawari yake tsaye: abokan gaba biyu a teburi ɗaya suna shan shayi suna harare-harare, Nika yana ta fama da gyaran wani kaset, tsoho a tsakani. Lembit Ulfsak, wanda ya fito a Ivo, da ƙyar yake ɗaga murya, amma ba mai iya tsallake maganarsa. Fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ya shiga jerin biyar na ƙarshe a gasar Oscar ta 2015 a rukunin finafinan harsunan waje.

Sai Tõde ja õigus, "Gaskiya da Adalci", na Tanel Toom, 2019, daga juzu'in farko na littafin A. H. Tammsaare da ya fito a 1926. Andres ya sayi gona mai dausayi a Vargamäe a 1872, da niyyar ya mai da ita abin gado ga 'ya'yansa. Ya tarar da maƙwabci, Pearu, mashayi mai wayon tsiya, wanda ya ɗauki shari'a abin nishaɗi. Suka yi ta jan juna gaban alƙali a kan magudanar ruwa da dabbobin da suka ƙetare iyaka. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona ya ci gida biyu zai gane su nan take. Abin da ya ɗaga fim ɗin shi ne bai bar mai gaskiya ya tsira ba. Shekara bayan shekara Andres yana ƙara taurin zuciya, aikin gona ya cinye matarsa Krõõt, Littafi Mai Tsarki ya koma masa sandar duka, har mai kallo ya rasa wanne ne mugun a cikinsu. Yana da tsawo, ya doshi awa uku, amma bai ɓata lokaci ba.

Risttuules na Martti Helde, 2014, shi ne mafi wuyar kallo. Ran 14 ga Yuni 1941 hukumomin Sobiyet suka kwashe kusan mutum dubu 10 daga Estoniya zuwa Sibiriya. Helde ya tsayar da 'yan wasansa cik, ba mai motsi, kyamara ce kaɗai ke ratsawa tsakaninsu a tashar jirgin ƙasa, tana wuce hannun da aka miƙa da bakin da aka buɗe za a yi kuka, muryar wata mata mai suna Erna tana karanta wasiƙun da ta rubuta wa mijinta. Wasu za su gaji kafin rabi, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya fi son labarin yaƙi kai tsaye ya nemi fim mai suna 1944 na Elmo Nüganen, inda Estoniyawa ke harbin juna, wasu cikin kakin Jamus wasu cikin na Sobiyet.

Su kansu 'yan ƙasar, in aka tambaye su, tsofaffin finafinan kamfanin Tallinnfilm za su fara ambata, musamman biyu na 1969: Kevade na Arvo Kruusement, kan yaran makarantar ƙauye, da Viimne reliikvia na Grigori Kromanov, mai takubba da dawaki. Baƙo zai ji daɗinsu, sai dai rabin armashinsu na wanda ya tashi da su ne.

Akwai biyu da ba na kallo da yara ba. Savvusanna sõsarad na Anna Hints, 2023, labarin gaskiya ne na mata masu fayyace sirrinsu a ɗakin surace na gargajiya a kudancin ƙasar. Ya ci kyauta a bikin finafinai na Sundance, amma akwai tsiraici a cikinsa. Ɗayan shi ne November na Rainer Sarnet, 2017, baƙi da fari, daga littafin Andrus Kivirähk. Talakawan ƙauye ne masu haɗa wani bara mai suna kratt daga lauje da ƙashi da tarkacen gida, su saya masa rai wurin Shaiɗan a mararraba da ɗigon jini uku. Kratt ɗin yakan sato saniyar maƙwabci ya tashi sama da ita, in kuwa aka bar shi ba aiki sai ya juya kan ubangidansa. Manoman ma ba kanwar lasa ba ne, don ruwan 'ya'yan itace suke ɗiga wa Shaiɗan a maimakon jinin.