Idon Mage: Yadda Launin Ido Ke Tsallake Iyaye Ya Ɓulla a Jika

Malamin ilimin halittu a sakandare, idan ya kai babin gado, yakan zana akwati a allo ya tsaga shi gida huɗu, ya rubuta babban B da ƙaramin b a sama da gefe. Babban yana nufin ido mai ruwan ƙasa, ƙaramin kuma shuɗi. Sai ya yanke hukunci: ruwan ƙasa ne mai rinjaye, shuɗi laɓewa yake yi, kuma masu shuɗin ido biyu ba sa haifar mai ruwan ƙasa. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya tafi da abinsa har tsufa. Darasin yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da aka bari a ƙasa yana da yawa, ya ma isa ya kashe aure.

Tushen maganar yana wani lambu ne a garin Brno, cikin Jamhuriyar Czech ta yau. A nan wani malamin coci, Gregor Mendel, ya shafe shekaru yana barbarar wani nau'in waken Turai. Da ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure, duk 'ya'yan sai suka fito shunayya, kamar farin ya ɓace. Da waɗannan 'ya'yan suka hayayyafa, farin ya dawo: ya ƙirga 705 masu shunayya da 224 masu fari, kusan uku bisa ɗaya. Ya wallafa sakamakon a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, bayan ya daɗe da rasuwa.

Abin da ya gano shi ne, kowace siffa ƙwayoyin gado biyu ke riƙe da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan mai rinjaye ta haɗu da mai laɓewa, mai rinjayen ake gani, ɗayar kuwa tana nan lafiya lau, ana miƙa ta daga ɗa zuwa jika. Ranar da ta gamu da irinta daga ɗaya ɓangaren, ranar take bayyana. Mu nan wannan ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, domin shi ne lissafin sikila: mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, alhali iyayen garau suke.

A 1907 wasu ma'aurata Amurkawa, Gertrude da Charles Davenport, suka ɗora wannan ƙa'ida a kan idon ɗan Adam bayan sun bi tarihin wasu iyalai. Charles ɗin nan shi ne daga baya ya zama jigo a aƙidar tace jinsi, wadda ke raba mutane zuwa masu kyakkyawan iri da marasa shi, kuma irin wannan tunani yana son amsa mai sauƙi. Daga aikinsu darasin launin ido na akwatin allo ya samo asali, ya zauna a littattafan makaranta kusan ƙarni guda.

To mene ne ma launin ido? Da'irar nan da ke kewaye da baƙin tsakiyar ido tana ɗauke da melanin, sinadarin da ke rina fata da gashi. Idan ya yi yawa, ido ya zama ruwan ƙasa mai duhu, irin wanda muke kira baƙi. Idan ya yi kaɗan ƙwarai, haske ne ke shiga ya warwatse, shuɗin cikinsa ya dawo wa mai kallo, kamar yadda sararin sama ke yin shuɗi. Wato babu wani shuɗin rini a idon kowa. Kore da ruwan zuma suna tsakanin waɗannan biyun. Da jin haka mutum ya san akwati mai gida huɗu ya yi kaɗan, tunda magana ce ta yawa da ƙaranci, mataki-mataki.

Duk da haka su Davenport ba su yi kuskure ɗungurungum ba. A kan kuromosom na 15 akwai ƙwayar gado mai suna OCA2, wadda ke taimakawa wajen samar da melanin, a maƙwabtanta kuma akwai HERC2, wadda wani sashenta ke aiki kamar makunnin fitila ga OCA2. A 2008 Hans Eiberg da abokan aikinsa na Jami'ar Copenhagen suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a wannan makunni shi ke rage aikin OCA2 a ido, kuma wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba galibi shuɗin ido gare shi. Sun kuma yi hasashen cewa masu shuɗin idon Turai daga kaka ɗaya suka fito, wanda ya rayu shekaru 6,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Abin sha'awa, ƙasusuwan wani maharbi da aka tono a La Braña ta ƙasar Sifaniya, masu shekaru kusan 7,000, sun nuna a binciken 2014 cewa yana da ƙwayoyin gadon shuɗin ido tare da na fata mai duhu. Shuɗin ido da farar fata ba tafiyarsu ɗaya ba.

Makunnin nan shi ne babba, amma ba shi kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya duba mutane kusan 195,000, ya gano sababbin wurare 50 a cikin DNA da ke da hannu a launin ido. Saboda haka masu shuɗin ido biyu suna iya haifar mai ruwan ƙasa, duk da ba kasafai ba. Duk wanda ya kafa hujjar zargin matarsa da launin idon jariri ya dogara ne da ilimin 1907.

A wajenmu zargin ta ɗaya fuskar yake zuwa: iyaye baƙaƙe, sai ga jariri da idon mage. A 2020 jaridun Najeriya sun cika da labarin wata mata a Ilori mai shuɗin ido, wadda aka ce mijinta ya juya mata baya saboda 'ya'yanta mata biyu sun gado idonta. Irin wannan ruɗani tsoho ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda ya fito baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma ya amsa cewa akwai mai ruwan toka a cikinsu, kuma da bakinsa ya ce wataƙila daga wani kakan raƙumin abin ya faɗo. Aka nuna masa cewa ɗansa ma haka.

Hasken ido a tsakanin baƙar fata yana da sanannun dalilai. Na farko zabiyanci, kuma a nan ƙa'idar Mendel tana aiki sak: nau'in da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara daga lalacewar OCA2 ɗin nan yake, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye kafin a haifi zabiya, don haka ɗora wa uwa laifi ita kaɗai jahilci ne. Na biyu wata larura ce da likitan ido ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana a 1951, aka sa mata sunansa. Ita galibi rinjaye take yi, daga ɓangare ɗaya ma ta wadatar. Takan zo da ido shuɗi tas, ko ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, wani lokaci da farin gashi a goshi. Ganin mai ita yawanci lafiya yake, matsalar a kunne take, domin wasunsu da kurumta ake haihuwarsu. Jaririn da ya zo da irin wannan ido, gwajin ji ya kamata a fara yi masa tun yana watannin farko, kafin lokacin koyon magana ya wuce.