Kifin Bas da Sirrin Ruwa Mai Zurfi

A manyan tafkunan kudancin ƙasar Amurka, irin su tafkin Kentaki da ke kan kogin Tenesi, masu fatsa da yawa kan dawo hannu rabbana idan zafin watan Yuli ya kankama. Kifin da suke nema, bas, mafarauci ne mai faɗin baki, kamar giwan ruwa amma bai kai shi girma ba. Wanda Joj Feri ya kama a jihar Jojiya a 1932, da har yau ake kwatance da shi, kilo 10 ne da 'yan kai. Zafi na yi, sai bas ya bar bakin gaɓa ya bi ƙananan kifaye ƙasa.

Sai dai ba can ƙarƙashi yake zuwa ba. A wannan lokaci ruwan tafki kan rabu hawa-hawa: na sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi amma iskar shaƙa ta yi masa ƙaranci. Bas kan tsaya daidai saman wannan iyaka, musamman inda ta haɗu da tudu, ko kututture, ko gefen tsohuwar hanyar kogi da madatsar ruwa ta binne. Wanda bai san shimfiɗar ƙasan tafki ba, jifa kawai yake yi.

Abin yaudarar kifin ma da hikimarsa. Akwai kifin roba mai dogon leɓe, wanda leɓen ke nutsar da shi idan ana jan zare, har ya riƙa tuntuɓe da duwatsu, kuma tuntuɓen ne ke tsokano bas. Akwai tanar roba da ake ɗaurawa sama da darma, ta yi ta rawa a wuri ɗaya. Don gano inda kifin yake kuwa, tun 1959 kamfanin Lowrance ya fitar da ƙaramar na'urar gano kifi da amsa-kuwwar sauti. Na yanzu har motsin kifin suke nunawa.

Abin da ke damuna shi ne sakin kifi bayan kamu, al'adar da ake alfahari da ita a gasannin masu fatsa. Kifi na da jakar iska a cikinsa. Idan aka fizgo shi daga zurfin mita 10, iskar kan kusan ninkawa, ciki ya kumbura, wani lokaci idanu su firfito. A sake shi, ya kasa nutsewa, ya yi ta yawo a saman ruwa har ya mutu. Masana kan huda jakar da allura, ko a mayar da shi ƙasa da nauyi. Mai fatsar da bai iya ko ɗaya ba, bai kamata ya taɓa kifin zurfi ba sai in ci zai yi.